Wainar Surayya, Fuskar Labaran

Duk wanda ya taɓa cin wainar Surayya a unguwar Sabo ta Ibadan, mijinta Labaran ya ba kuɗin. Ba wasa nake ba. Lambar asusun na nan har yau a bangon zaurenmu da jan fenti, in ka shigar da ita a wayarka sunan mijin ne zai fito. Ita ke jiƙa shinkafa, ita ke shan hayaƙin murhu, shi kuwa ko inda ake ajiye cokalin juya waina bai sani ba. Ni Lauratu, ɗakina na kallon nata a gidan hayar nan, keken ɗinkina kuma a bakin ƙofa yake. Abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a gaban idona aka yi shi.

Abin ya faro ne shekarar da aka canja kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo. 'Yan dako da masu baro da ke layi a zaure da safe sai su zo da yunwa babu ko sisi a hannu, kowa na cewa, "Hajiya, taransfa fa?" Surayya ba ta da asusu. A gwangwanin madara take ajiya, sai adashi.

Anti Muhibbat, Bayarabiyar da ke sana'ar cirar kuɗi a bakin layinmu, ita ta kawo mata shawara. Kullum sai ta shigo cin waina da miyar taushe, Hausarta kamar jakar Kano. Iya Hafiza take kiran Surayya, da sunan 'yarta.

"Iya Hafiza, gwangwani? A wannan zamanin? Haba! Oya, matso ki gani."

Ta nuna mata manhaja a wayarta: nan ake karɓar kuɗin ciniki, nan ake cire wani abu kullum a zuba a ajiya ba tare da ka ji a jikinka ba, nan kuma ake zuba jari.

Surayya ta ja baya. "Ba kuɗin ruwa ba ne?"

"Akwai ɓangaren da babu ruwa. Kasuwanci ake yi da kuɗin, a raba riba. Ni ma Musulma ce, abi kin manta? Abu biyu kawai suke so, katin ɗan ƙasa da fuskarki. Ki riƙe waya, ta ce ki ƙifta ido, ki ƙifta. Shi ke nan, babu mai taɓa kuɗinki sai mai wannan fuskar."

To, a nan gizo ke saƙar. Surayya ba ta da kati. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta fita sai asibiti, sai biki ko gaisuwar mutuwa, shi ma da izini. Da yamma ta tari Labaran da maganar yana alwala a tsakar gida. Dillalin albasa ne a kasuwar Shasha, mutum mai fara'a, sahun gaba a masallaci. Ya saurara har ta gama, ya yi murmushi.

"Wato in bari ki je ki yi layi cikin ƙarti, wani ƙato ya ce ki ja hijabi baya yana son ganin kunnenki, ya ɗauki hotonki ya zuba a kwamfuta kowa na kallo? Matata? Ai wannan ba mutuncinmu ba ne, Surayya. Ga nawa katin, ga fuskata. Ni da ke akwai bambanci ne?"

"Babu, Malam," in ji ta.

Ni dai na taɓe baki na ci gaba da taka kekena. A wayar da ta saya da kwasar adashinta aka buɗe asusun. Labaran ya riƙe ta a gabansa, ya ƙifta, aka gama.

Wallahi ban taɓa ganin mace ta ji daɗin abu kamar yadda Surayya ta ji daɗin manhajar nan ba. A ciki akwai wurin da mutum zai rubuta abin da yake tara kuɗi dominsa. Ta sa aka rubuta mata injin markaɗe, don ta gaji da aika shinkafa waje a dawo mata da ƙullu mai tsakuwa. A ƙarƙashin sunan akwai wani koren layi da ke tsawo duk lokacin da ajiya ta ƙaru. Lissafin boko bai dame ta ba, layin take bi. Da ta sauke tanda sai ta goge hannu a zani ta ƙwala min kira.

"Yaya Lauratu, zo ki gani! Ya wuce rabi!"

"Ke dai kin samu talabijin," nake ce mata. "Ranar da injin ya zo, markaɗena kyauta ne, kin ji na gaya miki."

Ta daina shiga anko. Ta daina sayen turare. Har kwanonin samiranta na aure ta fitar ta sayar, ta ba Labaran ya zuba mata a ɓangaren jarin. Ana cikin haka wata rana ya ce ya ji 'yan damfara na kwashe kuɗin mata ta waya, gara ya mayar da manhajar kan tasa wayar, duk lokacin da take son gani zai nuna mata. Ta yarda. Ya kuma riƙa nuna mata ɗin, ban hana masa wannan ba.

Ciwon idonta a hankali ya fara. Sai ka ga ta miƙa hannu ta ture kofin da ke gefenta. Sai ta yi karo da bakin ƙofar da ta yi shekaru tana bi. Wata safiya 'yarta Hafiza na tsaye dab da kafaɗarta, ita kuma tana ta ƙwala mata kira. Yarinyar ta ce, "Umma, ga ni fa." Muka yi dariya a lokacin. Daga baya ciwon kai ya shigo, ta ce in ta kalli ƙwan lantarki tana ganin zobe-zobe kewaye da shi.

Inna, mahaifiyar Labaran, wadda ke zaune a ɗakin ƙarshe, ta ce hayaƙi ne, a sa kwalli. Aka sa kwalli. Labaran ya kawo rubutu a gora. Aka sha, aka shafa. Sai da na tsaya masa a zaure na ce ko makaho ya ga yarinyar nan ba lafiya ba, sannan ya ce to, in raka ta asibitin ido.

Muka shiga maikira, 'yar ƙaramar tasin nan ta Ibadan, an matse mu kamar kifin gwangwani, muka yi rabin yini a layi. Likitar mace ce, Bayarabiya, ni na yi tafinta. Ta ce ruwan cikin idon ne ya hau yana danne jijiyar gani, daga gefe yake ci yana shigowa tsakiya. Ta ce abin da ya tafi ya tafi ke nan, babu maganin da zai dawo da shi, amma za a iya tsare ragowar. Akwai maganin ɗigawa kullum ba fashi, kuma idon hagu na son aiki da gaggawa, na dama ya biyo baya. Ta rubuta kuɗin a takarda. Na yi salati da na gani.

Surayya kuwa ko gezau. A mota ta dafa ni.

"Alhamdu lillahi, Yaya. Kin ga amfanin ajiya? Injin ya jira. Abin da ke cikin wayar nan zai yi aikin har da canji."

Da Labaran ya dawo ta gaya masa. Ya yi salati, ya nuna damuwa, har da kama haɓa. Sannan ya ce akwai 'yar matsala: kuɗin an ɗaure su a jari na wasu watanni, in aka fasa yanzu za a yanke ribar duka. Ta ce a yanke. Ya ce ta yi haƙuri ya bincika. Washegari ya ce babu sabis. Bayan nan ya ce manhajar na gyara. Bayan nan ya ce ya tura buƙata, sai sun amsa daga Legas. Ya dai sayo mata kwalbar maganin ɗigawa guda, ya ajiye a gabanta kamar wanda ya kawo kujerar Makka.

Kwalbar ta ƙare. Ta biyun sai da aka yi ta naci. Tsakanin ta biyu da ta uku an fi wata.

Kullum da yamma sai ta ce, "Malam, nuna min." Ya zaro wayar ya kara mata a fuska. A lokacin ganinta ya zama kamar mai leƙe ta bakin kwalba, sai ta yi ta juya kai har ta kamo koren layin. In ta gan shi sai ta sauke ajiyar zuciya.

"Yana nan," take cewa.

"Yana nan mana. Ina za shi?"

Ranar da asiri ya tonu Juma'a ce, bayan an sauko masallaci. Na kai mata hijabin da na rage wa tsawo, don ta fara taka shi tana faɗuwa. Labaran na zaune a kan tabarma yana nuna mata layin. Na leƙa ta bayansa. Rana tsaka, amma agogon da ke saman shafin na nuna safiya. Na miƙa yatsa na ja shafin gefe. Sai ga hoton buhunan albasa. Na sake ja, sai ga hoton wata mota.

Ashe hoto ne. Tsohon hoton shafin ya ɗauka ya ajiye, shi yake ta kara wa matar da ke makancewa a fuska.

"Malam Labaran," na ce, "buɗe mana ita manhajar kanta."

"Lauratu, wannan maganar iyali ce."

"Buɗe, in kana tsoron Allah!"

Surayya ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, buɗe."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ɗaga wayar, ya ƙifta ido, manhajar ta buɗe. Layin fari fat. Abin da ya rage a ciki cinikin safiyar ranar ne, shi ma an taɓa.

Ba ta gani, amma shirun da na yi ya gaya mata. Ta lalubi bango ta zauna.

Sai bayani ya ɓarke. Ai ba ci ya yi ba, juyawa ya yi. Albasa ta faɗi warwas a Arewa, ya ga dama ce, ya kwashi kuɗin ya sayi albasa mota guda ya zuba a sito, da niyyar in ta tashi ya mayar mata ninki biyu, ta sayi inji har biyu in tana so. Wa ya san damina za ta yi nauyi haka? Danshin Ibadan ya shiga siton, rabi ta tsiro, rabi ta ruɓe. Ya sake ɗiban abin da ya taru don ya cike ramin, shi ma ya bi ruwa.

"Don wa na yi? Ba don gidan nan ba? Kuma ni ban gaya miki ba ne don kada hankalinki ya tashi, ga ki ba lafiya."

Inna ta fito tana dogara sandarta. "To mene ne abin tara jama'a? Kuɗin mace a gidan mijinta ai na gida ne. Tuwon da take ci fa, wa ke kawowa? Ciwo kuma na Allah ne. Wadda aka rubuta wa makanta ko a Makka aka yi mata aiki sai ta makance."

Na ce, "Inna, da girmanki. A wane littafin aka ce guminta nasa ne?"

"Ke bazawara, ki kiyaye ni. Da kin iya zaman aure da ba a nan kike ba."

Na haɗiye. Surayya abu ɗaya kawai ta faɗa, a hankali, kamar mai tambayar hanya: "Malam, har da kwanonina?"

Ya mayar da wayar aljihu.

Mun kai magana wurin limamin unguwa, Malam Mu'inuddeen. Bai ɓoye gaskiya ba, ya ce dukiyar mace tata ce, abin da Labaran ya yi cin amana ne, ya nemo kuɗin aikin ko da rigarsa zai sayar. Labaran ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu, da zarar kaya sun fita. Ya dawo gida ya ɗaure fuska, ya daina cin abincinta, wai ta tona masa asiri a gaban manya. Ita da aka cuta, ita ta koma tana ba da haƙuri.

Anti Muhibbat ta ce a riƙa tura cinikin ta wurinta, ta tara mata. Muka fara a ɓoye, har aka samu na magani. Wani ɗan dako ya yi suɓul da baka a Shasha. Labaran ya dawo yana huci, ya ce ba za a mayar da shi abin dariya ba, a ce kuɗin matarsa na hannun wata a bakin titi kamar ba ta da miji. Ya sayo fenti ya sake bin lambar bangon zaure, ta fito ja wur.

Idon hagu ya rufe gaba ɗaya kafin azumi. Da muka koma asibiti da kuɗin da mu matan gida muka harhaɗa, likitar ta duba ta daɗe, ta ajiye fitilarta, ta tambaye ni da Yarabanci me ya sa muka yi wannan jinkirin. Surayya ta ce, "Me ta ce, Yaya?" Na ce ta ce a ci gaba da addu'a.

Ba ta daina suya ba. Da lalube take zuba ƙullu, da kunne take gane waina ta yi. Yatsunta duk suka zama tabon ƙuna. Wata safiya gefen hijabinta ya kama wuta ba ta sani ba, sai da na watsa mata ruwan wankina. Ranar ta kife tandar da kanta. Ta zauna a bakin ƙofa ta kira Hafiza, ta riƙe kan yarinyar da hannu biyu, tana juya nata kan tana neman fuskar ta ɗan ramin da ya rage mata. Ta daɗe a haka. Na shige ɗaki na toshe bakina da atamfar mutane na yi kuka.

Bayan sallah babba, na daman ma ya tafi.

Ku da za ku ce ƙaddara ce, na ji, ni ma na yi imani da ita. Amma ba ƙaddara ce ta ɗauki hoton shafin nan ba. Labaran bai taɓa dukanta ba, bai taɓa zaginta ba, har gobe in ka tambaya a Sabo za a ce maka mutumin kirki ne. Abin da ya yi kawai shi ne ya ce fuskar matarsa ta fi ƙarfin a gani, ya sa tasa a madadinta. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ku bi layinmu ku karanta lambobin da ke jikin zaure, na masu fura, na masu dambu, na masu kitso, ku shigar a waya ku ga sunayen da za su fito. Ana kiran abin kishi da mutunci. Ni da na ga inda ya kai Surayya, ba sunan da nake kiransa ke nan ba.

Watan jiya wata ƙungiya ta shigo unguwa tana tallafa wa masu sana'ar da suka nakasa. Za a riƙa ba da wani abu duk wata, amma da sharaɗi: sai asusu da sunan mai lalurar, da fuskarsa. Labaran ne ya fara jin labari. Da kansa ya je ya ɗauko Jamil mai rajistar kati, da na'urarsa da komai. Ya yi masa jagora ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, har cikin ɗakin da ko ƙanen Labaran bai taɓa taka ba.

"Surayya, ga baƙo. Ɗan ja hijabin baya, kunnen yake son gani."

Ta kama bakin hijabin ta rufe fuskarta ruf.

"Malam, ƙato ne fa."

"Haba Surayya, lalura ce. Addini ai bai hana ba."

"Da ma bai hana ba?"

Jamil ya sunkuyar da kai yana gyara wayar na'urarsa. Daga tsakar gida muna jin Hafiza na kankare ƙanzon tukunya, don tun safe ba a ɗora komai ba a ɗakin nan. Surayya ta saurari ƙarar cokalin. A hankali ta sauke hannunta, ta ja hijabin baya.

Aka ɗauki hoto, aka ɗauki yatsunta masu tabo. Da lambar ta fito bayan 'yan kwanaki Jamil ya dawo, ya buɗe manhajar a tsohuwar wayarta, ya saita mata a fuska.

"Hajiya, ki kalli nan. A'a, nan, wajen muryata. Yawwa. Ƙifta ido."

Ta ƙifta. Wayar ta yi ƙara.

"An gama," in ji shi.

"An gama?"

"An gama, Hajiya."

"Da ma iyakar abin ke nan?"

Ko waina ɗaya ba za ta soyu ba a lokacin da abin ya ɗauka. Ta miƙa hannu, ya sa mata wayar a tafi.

"Yaya Lauratu, kina nan? Sunan wa ya fito?"

"Naki."

"Karanta min."

Na karanta mata. Ta ce in sake, na sake. Ta riƙa shafa gilashin da babban yatsa, sama da ƙasa, tana neman wurin da sunan yake. Hawaye na bin fuskarta, idanun a buɗe suna kallon bango.

Labaran ya gyara murya, ya matso, ya miƙa hannu.

"Kawo in ajiye miki," ya ce, "tunda ba gani kike ba."